Ɗaki Kafin Inji: Bayani Ga Masu Son Ajiye Kayan Gwari Cikin Sanyi A Gaya Da Ajingi

Yau mun ɗan tura jerin farashi gefe guda, don mu yi magana a kan abin da ke karya farashin kansa, watau zafi.

Duk wanda ya taɓa kwana da kwandunan tumatir a rumfa cikin watan Maris ya san zancen. Da sassafe kaya ya iso daga fadama, jawur, da tauri, kowa yana sha'awa. Da azahar ya soma laushi. Gobe war haka ruwa yana tsiyaya ta gindin kwando, ƙudaje sun taru, mai saye ya tsaya daga nesa yana taya abin da ya ga dama. Mai kaya kuwa ba shi da bakin cewa albarka, don ya san in bai sallama yau ba, jibi sai juji. Dillali ma la'adarsa ta bi ruwa.

Masana ajiyar amfanin gona sun auna wannan abu tun da daɗewa. Duk sa'ad da zafi ya ƙaru da digiri 10, saurin lalacewar ɗanyen kaya yakan ninka sau biyu, wani lokaci har sau uku. A ƙasar Kano kuwa, cikin Afrilu, zafin rana tsaka yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Don haka ba abin mamaki ba ne, yanzu da farantan sola suka yawaita, ɗan gwari ya dubi shagonsa ya ce, "Ni ma bari in sa injin sanyi."

Niyya ce mai kyau. Amma abin da muke son a riƙe daga wannan bayani guda ɗaya ne: inji shi ne abu na ƙarshe da za a saya. Ɗaki ake fara gyarawa.

YADDA ASARA TAKE ZUWA

Ga yadda abin yakan kasance. Mutum ya sayar da shanu biyu a kasuwar Wudil ran Juma'a, ya shiga Kano ya ɗauko injin sanyaya ɗaki sabo dal, irin wanda ake kira esi. Ya sa aka fasa bango aka kafa masa a shagon bulo mai rufin kwano. Kwana uku inji yana gurnani ba hutawa, mai yana ƙonewa, ɗaki bai yi wani sanyin kirki ba, kusurwar bango ta jiƙe. Sai ya kira mai gyara.

"Malam, an cuce ni. Injin nan jabu ne."

"Alhaji, lafiyar inji ƙalau. Ɗakinka ne rariya."

Gaskiyar mai gyara ce. Inji ba ya ƙera sanyi. Aikinsa shi ne ya kwashi zafin da ke cikin ɗaki ya zubar waje, kamar yadda mai jirgin fito yake kwarfe ruwa da ƙwarya. In jirgi yana yoyo ta ko'ina, komai ƙarfin hannun mai kwarfa, ruwa ba zai ƙare ba. Zafi kuwa yana shigowa ta kwano, ta bango, ta ƙasa, ta ƙarƙashin ƙofa, kuma yana shigowa cikin jikin kayan kansu.

Bari mu yi lissafin 'yan kasuwa. A ɗauki ɗaki ƙafa 10 tsawo, ƙafa 10 faɗi, ƙafa 8 bisa. Irin wannan zai ci kwandon roba kamar ɗari, da hanyar wucewa. In bangonsa bulo ne tsirara, rufinsa kwano da silin mara kauri, to, zafin da ke ratsowa da rana tsaka a bazara ya kusa cinye dukkan ƙarfin esi mai doki ɗaya da rabi. Ba abin da ya saura wa tumatir. Amma in an lulluɓe ɗakin nan ciki da farin soso mai kaurin inci 4, zafin da ke ratsowa ba zai wuce kamar kashi ɗaya cikin bakwai na ƙarfin injin ba. Sauran kashi shida sai su tafi kan kaya. Inji ɗaya, mai ɗaya, amma aiki ya sha bamban. Tun ran 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur kuwa, kowa ya san kowace awa ta janareta kuɗi ce tsaba.

ABIN DA AKA KOYA A DUTSE, DA ABIN DA AKA KOYA A FARANSA

Wannan ilmi ba baƙo ba ne a gabashin Kano. Nan kusa, a Dutse, marigayi Malam Muhammad Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa, wanda ya tashi a gidan maginan tukwane, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya. A sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunya, iska tana busar da shi, yana tafiya da zafi, kamar yadda randa take sanyaya ruwan sha. A gwajinsa yalo ya yi kwana 27 maimakon 3, tumatir da barkono suka kai mako uku. A 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo da Dala 75,000 saboda wannan aiki. A lura, babu inji ko ɗaya a ciki. Mazubin ne ya yi aikin duka.

Daga can ƙetare kuma, cikin mutanen da suka daɗe da kula da ɗakin ajiya mai sanyi akwai masu ajiye giyar inabi a Turai. Hajarsu ba tamu ba ce, ba ta kuma shiga kasuwarmu. Amma ilmin gininsu ya shafe mu, domin sanyin da suke nema, wajen digiri 12 zuwa 13, shi ne daidai wanda tumatir da mangwaro suke so. A birnin Reims na Faransa ɗakunan ajiyarsu ramuka ne cikin dutsen alli, waɗansu zurfinsu ya kai ƙafa 100, sanyinsu bai cika wuce digiri 10 zuwa 12 ba, rani da damina, ba tare da inji ba.

Wani zai ce, "To, mu ma mu haƙa rami mana." A'a. Cikin ƙasa yana riƙe matsakaicin zafin shekara ne na wurin da yake. Can matsakaicin nasu wajen digiri 11 ne, mu namu a Kano wajen 26. Rami a Gaya zai fi rumfar kwano sanyi, gaskiya ne, amma ba zai kai ka 13 ba. A fadamun kogin da ya biyo ta Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja kuwa, rami da damina rijiya ce. Abin da za mu ɗauka daga gare su shi ne ƙa'idar waɗanda ba su da ramin dutse, suna gina ɗakin a cikin gida su sa masa inji. Maginansu sun yarda da jeri ɗaya: leda, sa'an nan soso, sa'an nan ƙofa, sa'an nan inji.

FASALI NA ƊAYA: ZAƁEN ƊAKI

Kada a zaɓi babban ɗaki don ganin ido. Kowane taku na bango ƙofar zafi ce. Ƙaramin ɗaki cike da kaya ya fi babban ɗaki mai rabin kaya riba. In shago ya yi girma, a raba shi, a gyara ƙuryar ciki, a bar gaba ya zama wurin tsince kaya da awo. Wannan gaban ma zai tare wa ƙofa rana da iska mai zafi.

A dubi rana. Bangon gabas da na yamma su suka fi shan ta, musamman na yamma daga azahar zuwa la'asar sakaliya. In akwai darbejiya ko wani gini da ke inuwa ta yamma, an yi sa'a. In babu, a kafa rumfar zana ɗan nesa da bango, iska ta riƙa ratsawa tsakani. Ƙofa ta dubi arewa ko kudu. A shafe bango da kwano da farin fenti ko farar ƙasa, don fari yana mai da rana, baƙi yana sha.

Ɗakin soro na ƙasa mai azara ya fi na bulo da kwano sanyi, kowa ya sani, domin kaurin ginin yana jinkirta zafin rana har dare ya yi. Amma jinkirtawa daban, tarewa daban. Soso mai inci 4 ya fi katangar ƙasa mai kaurin kamu uku hana zafi wucewa. Don haka soro ma yana bukatar soso. Kafin nan a yaɓe shi da kyau, a gyara indararo, a toshe ramin ɓera da hanyar gara. Ɗakin da ke yoyo da damina, ko gindin bangonsa yana jan ruwa, ba a fara aiki a cikinsa sai an warkar da shi.

FASALI NA BIYU: LEDA, WADDA AKE MANTAWA

Nan ne mafi yawan asara take ɓuya. Ku dubi kwalbar lemo mai sanyi in an ajiye ta a kan tebur cikin Agusta. Nan da nan jikinta ya yi gumi. Ba daga ciki ruwan ya fito ba, laimar iska ce ta taɓa sanyi ta zama ruwa. Ɗakin sanyi babbar kwalba ce. Laimar waje kullum tana neman hanyar shiga, tana ratsa bulo da ƙasa da katako, duk inda ta ci karo da sanyi sai ta zama raɓa. In a cikin soso ta sauka, soso ya jiƙe ya daina aiki, kamar bargon da aka tsoma a ruwa. In a cikin bangon ƙasa ta sauka, bango ya yi laushi, ya soma zubowa. Bayan haka sai fumfuna da wari, sai kaya su ɗauka.

Maganin shi ne leda mai kauri, irin wadda ake shimfiɗawa kafin zuba kankare. Amma wurin sa ta shi ne magana: ana sa leda ta ɓangaren zafi, watau tsakanin bango da soso. Bango, leda, soso, sa'an nan abin da zai rufe soso ta ciki. Wanda ya juya jerin, ya sa soso a jikin bango ya rufe shi da leda ta cikin ɗaki, ya yi wa ruwa tarko a cikin sosonsa.

A lulluɓe ɓangarori shida duka, bango huɗu da sama da ƙasa. Inda leda ta haɗu da leda, a ɗora ɗaya kan ɗaya kamar taƙi guda, a liƙe da salatif mai faɗi. Duk inda ƙusa ko waya ko bututu ya huda, a bi da gam a toshe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, laima kuwa ta fi ƙadangare iya shiga. Da hunturu da bazara iskarmu busasshiya ce, kuskuren ba zai nuna ba. Yuli da Agusta ne za su tona asiri.

FASALI NA UKU: SOSO

Ba soson katifa ake nufi ba, shi wannan ruwa yake sha. Farin soso mai tauri ake nufi, irin wanda ake samu cikin kwalin sabon firji ko talabijin, ana sayar da shi allo-allo. Kauri inci 4 ne mafi ƙaranci. Ya fi kyau a sa inci 2 sau biyu, a saɓa mahaɗarsu kamar yadda birkila yake saɓa bulo, don kada tsaga ta sama ta faɗa kan ta ƙasa. A rufi, in da hali, a ƙara ya kai inci 6, tun da nan rana ta fi duka. A bar sarari tsakanin kwano da silin, da ƙofofin iska a gefe, zafin kwano ya riƙa fita.

Soso yana da maƙiya uku: ɓera, gara da wuta. Ɓera yana sheƙa a ciki, gara tana hanya a ciki, wuta kuwa tana cinsa kamar mai. Saboda haka ba a barinsa a fili. A rufe shi ta ciki da shimfiɗaɗɗen kwano ko farantin gorar ruwa, ko a kafa ragar waya a yi masa filasta. Abin da ake so shi ne fuskar da za a iya wankewa.

Akwai kuma allunan da ake haɗowa daga masana'anta, ƙarfe ciki, ƙarfe waje, soso a tsakiya. Da irinsu kamfanin ColdHubs, wanda Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa a Owerri ta Jihar Imo a 2015, yake gina ɗakunan sanyinsa masu sola a kasuwanni. Kaurin bangonsu milimita 120 ne, watau kusan inci 5, ɗaki ɗaya yana cin kwandon roba 150, kimanin tan 3. Sun fi tsada, amma sun haɗa aikin leda da soso da rufi wuri ɗaya, in dai an liƙe mahaɗarsu sosai.

Wanda ƙarfinsa bai kai soso ba, buntun shinkafa busasshe yana tare zafi. Ana gina bango biyu a cika tsakani da shi. Sai dai yana son kauri da yawa, kamu guda ko kusa, kuma tilas ya zauna a bushe cikin leda, in ba haka ba ya ruɓe ya zama gidan ƙwari.

FASALI NA HUƊU: ƘASA DA ƘOFA

Ƙasar ɗaki ita ma tana kawo zafi, tun da mun ce cikin ƙasarmu ya fi ɗakin sanyi ɗumi nesa ba kusa ba. A shimfiɗa leda, a jera soso mai tauri, a zuba kankare a kai. A ɗaga daɓen ya fi tsakar gida tudu, don ruwan sama. A karkata shi kaɗan zuwa wata kusurwa, a sa bututun fitar da ruwan wanki. A lanƙwasa bututun yadda ruwa kaɗan zai riƙa kwanciya a gwiwarsa, don ya toshe wa iska mai zafi hanya, a kuma sa raga a bakinsa saboda ɓera.

Taga ba ta da aiki a nan. A toshe ta da bulo, a bi ta da leda da soso kamar sauran bango.

Ƙofa kuwa ita ce inda araha ba ta ado. Ƙofar ƙarfe tsirara ta shago ba za ta yi ba, da rana zafi take shigowa da shi, da damina gumi take yi. Kafinta ya yi ƙofa mai ciki, a cusa mata soso inci 4, a kewaye bakinta da roba irin ta ƙofar firji, har da ƙasa. Ta buɗe waje. A rataya labulen leda mai kauri, tsage-tsage, ta ciki, don in an buɗe kada sanyi ya kwararo duka. Kada ta fi faɗin mutum ɗauke da kwando.

Abu ɗaya kuma wanda ya fi kuɗi muhimmanci: tilas ƙofar ta zama ana iya buɗe ta daga ciki, ko an rufe ta waje. Ɗakin da iska ba ta shiga, in yaron shago ya kwanta a ciki don shan sanyi, wani ya zo ya sa kwaɗo bai duba ba, abin ba zai yi kyau ba. A leƙa kafin a kulle, kullum.

FASALI NA BIYAR: WUTA DA MAZAUNIN INJI

Kafin a liƙa leda ake kiran mai aikin wuta da mai haɗa inji, su nuna inda waya da bututu za su bi, don a yi huda ɗaya a toshe ta sau ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Waya ta bi cikin bututun roba, kada ta taɓa soso. Ƙwan fitila ya zama irin na zamani mara zafi, makunninsa a waje.

Rabin injin da ke waje, shi ne mai zubar da zafi. Yana son inuwa da iska. Kada a kafa shi a bangon yamma, kada a cusa shi a lungu inda zai riƙa shaƙar hucinsa. A ɗaga shi daga ƙasa saboda akuya da ruwa. Ƙurar hunturu tana toshe masa haƙarƙari, sai a riƙa wankewa. Rabin da ke ciki kuwa a kafa shi sama, yana busawa tsawon ɗaki, ba yana fuskantar ƙofa daf da daf ba, a fitar da bututun ruwansa waje.

A sani, esi na gida yawanci ba ya sauka ƙasa da digiri 16. Wannan ma ya taimaka ga tumatir na 'yan kwanaki. Mai son ƙasa da haka, ko dai ya sayi injin ɗakin sanyi na ainihi, ko ya haɗa wa esi wata ƙaramar na'ura mai suna CoolBot, wadda wani manomi a Jihar New York ta Amurka, Ron Khosla, ya ƙirƙiro don ta sa esi ya ci gaba da aiki ba tare da ƙanƙara ta toshe shi ba. Masu yin ta ma sharaɗinsu na farko shi ne soso mai kauri.

Inji yana jan wuta da yawa lokacin tashi, fiye da yadda yake ja in ya kama tafiya. A auna janareta ko inbata da batir da wannan, ba da abin da aka rubuta a kwali kaɗai ba. In wuta ta ɗauke ta dawo, a dakata minti biyar kafin a kunna. Janareta kuwa ya zauna can waje a fili, nesa da ƙofa. Hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji ba.

FASALI NA SHIDA: GWAJI KAFIN ZUBA KAYA

In an gama, gwaji uku ne. Na farko, da rana tsaka mutum ya shiga ya kashe fitila a rufe ƙofa, wani yana tsaye a waje. Duk inda ya ga haske, nan zafi yake shiga. Na biyu, a maƙale takarda a bakin ƙofa a rufe a ja. In ta zare cikin sauƙi, roba ba ta kama ba. Na uku, a rataya ma'aunin zafi a tsakiyar ɗaki, a jera jarkokin ruwa cike a gindin bango, a kunna inji kwana biyu ba kaya. Sa'an nan a kashe da azahar, a riƙa duba ma'auni kowace awa ana rubutawa. Ɗakin kirki a hankali yake ɗumama. Wanda ya koma kamar waje kafin la'asar, a nemi inda yake yoyo. Jarkokin nan kada a fitar da su, suna riƙe sanyi su taimaka in wuta ta ɗauke.

FASALI NA BAKWAI: ABIN DA KE SHIGA DA WANDA BA YA SHIGA

Tumatir da ya ƙosa bai nuna ba yana son digiri 13 zuwa 15. Wanda ya nuna jawur yana ɗaukar 8 zuwa 10. In an daɗe da shi ƙasa da haka, sanyi yana ƙona shi, in an fito da shi ya ƙi nuna, ya yi tabo, ya ruɓe. Tattasai da attarugu 7 zuwa 10. Mangwaro da ayaba kada su sauka ƙasa da 13. Kabeji da karas da latas su kam suna son sanyi kusa da na ƙanƙara, ɗakinsu daban. Ban da haka ma, nunannen tumatir da mangwaro da ayaba suna fitar da wata iska mai sa kabeji da latas su yi rawaya, karas ya yi ɗaci.

Albasa kada a kai ta ɗakin tumatir ko kusa. Sanyi tsaka-tsaki da laima su ne suke sa ta tsiro da saiwa. Ita rumbu mai iska da bushewa take so, kamar yadda aka saba.

Kayan gwari suna son laima sosai, inji kuwa busar da iska yake yi. In aka bari, tattasai zai yanƙwane, nauyi ya ragu, nauyi kuwa kuɗi ne. A riƙa yayyafa wa daɓe ruwa, ko a rataya jiƙaƙƙen buhu. A jera kaya a kwandon roba mai huda, a kan katako, a bar taƙi guda tsakaninsu da bango. Kwandon kaba in an ɗora wani kan wani, na ƙasa ne yake biyan kuɗin na sama. A tsince fasasshe da mai tsutsa tun a waje. Waɗanda suka ga ɓarnar tsutsar sharon a 2016 sun san sanyi ba ya warkar da abin da ya zo da cutarsa daga gona.

Lokacin ɗiba ma lissafi ne. Tan ɗaya na tumatir da ya sha rana ya kai digiri 35, esi mai doki ɗaya da rabi zai yi aƙalla awa bakwai kafin ya sauko da shi 13. Wanda aka ɗebo da sanyin safiya yana digiri 20, awa biyu da ɗoriya ta isa. Dillalin da ya ce wa manomi, "Baba, a ɗiba da asuba, a rufe da ganye, a kawo kafin hantsi," ya rage wa mai ɗaki kashi biyu cikin uku na wannan aiki bai kashe ko kwabo ba.

ABIN DA SANYI YAKE SAYA MAKA

Kada wani ya ruɗe ku. Ɗakin sanyi ba zai riƙe tumatirin Maris har tsadar Yuni ba. Mako biyu ne zuwa uku, in kaya sun shiga lafiyayyu. Mai son ajiyar watanni, kauɗa tana nan, ba ta gaza ba. Abin da ɗakin yake saya maka shi ne kwanaki: ka tsallake ranar da motoci suka yi wa Yankaba yawa farashi ya faɗi, ka tara lodin mota guda a hankali, ka iya ce wa mai tayin wulaƙanci albarka, ka juya ka rufe ƙofarka.

In kuɗin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan gwari biyar ko goma su haɗa, su gyara ɗaki ɗaya da kyau, a riƙa karɓar kuɗin kwana a kan kowane kwando. Haka ColdHubs suka fara, Naira 100 kwando ɗaya a kwana. A sa mutum ɗaya amintacce a kan makulli da littafi, a buɗe ƙofa safe da yamma kawai.

In kuma kuɗin da ke hannu na abu ɗaya ne, ko ɗaki ko inji, to, a gyara ɗaki bana, a sa tukwane da jiƙaƙƙen yashi su yi aikinsu da rani, a sayi inji baɗi. Ɗakin da aka gyara zai jira inji ko shekara nawa. Inji a ɗakin da ba a gyara ba, mai kawai zai sha.

Allah ya ba da kasuwa, ya tsare mu da asara. Haza wasalam.